Tsakanin bashin kawu da sirrin majinyaci

A cikin watan Maris na shekarar 1994, wata biyu bayan karya darajar kuɗin sefa, lokacin da tamma ɗaya ta Faransa ta koma sefa 100 maimakon 50, aka kawo wani farke daga ƙasar Gobir zuwa ɗaya daga cikin manyan gidajen likita na Yamai. Mutum ne mai kimanin shekara 50, mai safarar wake da gyaɗa, wanda ya san kasuwannin kan iyaka kamar yunwar cikinsa. Cikinsa ya kumbura ya yi kamar tulu, ƙafafunsa sun haye, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Aka kwantar da shi a gado na 11. Ɗansa na fari ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya ajiye buta da ƙullin kaya, ya shiga sahun masu jinya.

A wancan zamani duk ƙasar nan makarantar likitoci ɗaya ce, wadda aka buɗe a 1974 a jami'ar Yamai, jami'ar da aka sa ma sunan Abdou Moumouni a 1992. Ɗalibanta ne ke cika ɗakunan majinyata da safe, sanye da farar riga, kowa da ɗan littafinsa a aljihu. Daga cikinsu akwai wani saurayi ɗan aji biyar, haifaffen Tasawa, mai kaifin basira, wanda bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Yana zaune ne gidan kawunsa, wani attajiri mai rumfar shinkafa da sukari a babbar kasuwa. Da yake a shekarun nan kuɗin tallafin ɗalibai kan yi wata da watanni bai fito ba, kamar dai albashin ma'aikata, to kawun ne cinsa, kawun ne shansa, shi ne kuɗin taksi, shi ne littattafai. A riƙe wannan, domin yana da amfani a gaba.

Shugaban sashen wani dattijo ne da ya yi karatunsa a Dakar tun kafin a buɗe makarantar Yamai. Bazabarme ne, amma ya daɗe yana aiki a Damagaram, har ya iya Hausa irin ta wanda ya koya da girma: harshe yana karyewa, amma gaisuwa ba ta taɓa kuɓuce masa. Ranar da aka zo zagayen safe kan gado na 11, saurayin nan ya miƙe ya zuba bayani da Faransanci mai santsi: namiji, shekara 50, ruwa a ciki, shawara, kumburin ƙafa, ciwo ya fara mako uku da suka wuce, akwai alamun tsage-tsagen gargajiya a fata. Ya kawo cututtuka biyar da za su iya haddasa haka, ya jera su bi da bi kamar yadda suke a littafi. Ƴan'uwansa ɗalibai suka jinjina kai.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce: «Mene ne sunansa?» Saurayin ya duba takarda. «Ɗan wane gari ne? Me ya ci jiya da dare? Wancan yaron da ke leƙowa ta taga, mene ne tsakaninsu?» Babu amsa ko ɗaya.

Bai yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ya yi. Ya jawo kujera ya zauna daidai kan majinyacin, ya ce: «Sannu, Alhaji. Ina kwana? Yaya ƙarfin jiki? Yaya aka baro mutanen gida?» Ya tambaye shi kasuwar wake a bana, ya tambaye shi ko naira ta ƙara faɗuwa. Mutumin da tun zuwansa bai furta kalma goma a jere ba, sai ga shi yana bayani har da nuni da hannu. Sa'an nan dattijon ya kira yaron daga baranda, ya sa shi ya riƙe zane ya kare gadon daga idon sauran ɗakin, ya nemi izini kafin ya ɗaga rigar, ya murza tafin hannunsa biyu, ya ɗora a kan cikin. Da ya zo kan tsagar wanzami, sai ya tambaya wace ce aka fara yi. Alhaji ya nuna ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya ce wannan tun kafin faɗuwar damina ne, waɗanda ke kewaye da cibiya kuwa na kwanan nan ne. Ashe ciwon ya kusa shekara, kuma daga hanta ya faro. Mako ukun da ya gaya ma ɗalibin, ranar da ya kasa sa takalmi ce yake nufi, don ita aka tambaye shi: yaushe kumburin ya fara.

Da suka fito, dattijon ya ce ma saurayin da Faransanci, a hankali: «Wanzamin nan ya rubuta maka tarihin ciwon a jikin mutumin, kai kuwa raini ya hana ka karantawa. Daga yau gado na 11 naka ne. Ba takardarsa ba, shi kansa.»

Abin da wannan magana ta ƙunsa, sai da kwanaki suka tafi saurayin ya gane. Shi ne zai zo tun kafin zagaye ya gaida majinyacin, ya auna faɗin cikinsa da igiyar awo, ya duba fitsarin dare. Shi ne zai taimaka a juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya. Ranar da numfashi ya yi wuya saboda ruwa ya danne ƙirji, shi aka ba allura ya huda gefen hagu na mara, babban ma'aikacin jinya, wanda ake kira majo, yana tsaye a kansa. Kuma ba a bar shi ya tashi ba sai da ruwan ya gama tsiyaya sannu a hankali, wajen awa biyu, yana riƙe da tsintsiyar hannun Alhaji yana ƙirga bugun jini. Ruwan ya fito da jini-jini, alamar da ba a so. Wata rana Alhaji ya kasa tashi alwala, ya ji kunyar faɗa, sai saurayin ya lura da yadda yake duban buta, ya fita ya samo masa dutsen taimama. Babu malamin da ya koya masa wannan, zaman kusa ne ya koya masa.

Darasin da ya fi ƙona masa rai shi ne na takardar magani. Ya rubuta magunguna shida, duka masu sunan kamfani, irin waɗanda ya haddace. Dattijon ya karanta, bai soke ko ɗaya ba, sai ya ce ya raka yaron farmasi da ƙafarsa. A can ya ga abin da karyewar sefa ta yi ma maganin da ake shigowa da shi daga Turai. Ya ga yaron ya kwance bakin zane ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sa'an nan ya tambayi mai sayarwa wane ne a cikin shidan ya fi muhimmanci, tambayar da likita ya kamata ya amsa tun a ɗaki. Suka komo hannu wofi. Saurayin ya sake rubuta takardar, ta koma magani uku marasa sunan kamfani, waɗanda ake samu a farmasin jama'a da araha, kuma aikinsu ɗaya.

Ƴan kasuwa ba su bukatar a yi masu dogon bayani a kan wannan irin koyarwa. Babu wanda ya taɓa koyon ciniki a bakin allo. Yaron shago yakan shekara yana share rumfa, yana ɗaukar kaya, yana kallon yadda maigida ke tarbar mai saye, yadda yake yi ma mai bashi magana ba tare da ya tozarta shi ba, kafin a ba shi makullin akwati. A can yake ɗaukar hali, nagari ko mugu. Likitanci ma haka ne, kuma Turawa sun daɗe da gane haka: wani likita ɗan Kanada mai suna William Osler ya yi suna ne a asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda aka buɗe a 1889, saboda ya fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca ya kai su bakin gadon majinyaci. Sai dai bakin gado wuƙa ce mai kaifi biyu. Ɗalibin da ya ga babba yana daka ma tsohuwa tsawa don ba ta jin Faransanci, ko ya ga an tsallake talakan da ya kwana a layi an shigar da ɗan'uwan wani darekta, shi ma darasi ya ɗauka, kuma irin wannan darasi ya fi na littafi zama a kai.

A rana ta goma sha biyu hoton ciki ya tabbatar da abin da hannun dattijon ya riga ya ji: hantar ta yi tauri, ta yi ƙulle-ƙulle, ciwon daji ne, kuma ya wuce inda wuƙa ko magani za su kai. Irin wannan ciwo a ƙasashen Sahel galibi yana biyo bayan ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda mutum kan ɗauka tun yana jariri, ta yi shiru shekara 30 ko 40. Rigakafinta bai shiga cikin allurar jarirai a Nijar ba sai a 2008. Ga Alhaji dai, magana ta zama ta makonni.

A daren ranar, bayan sallar lisha, kawu ya kira saurayin zaure, ya sallami yara. Ya ce: «Likita, an ce mini wane na Gobir yana kwance a wurinku.» Ya faɗi sunan, sunan gado na 11. Ashe tun kafin azumi ya ba shi shinkafa ta jika 400 bashi, a kan alkawarin zai biya idan ya sayar da waken da ya tara a wani sito a Maraɗi. Babu takarda, babu shaida, sai amana irin ta kasuwa. Kuma ba shi kaɗai ke bin sa ba. «Ban ce ka yi mini ƙarya ba, ban ce ka cuci kowa ba. Abu ɗaya nike so in sani: mai tashi ne, ko kuwa in tura yaro Maraɗi gobe ya tsaya a bakin siton kafin wasu su riga ni?»

Kada mai karatu ya yi saurin zargin kawun. Haƙƙinsa yake nema, kuma a shekarar da kowane buhun shinkafa na waje ya yi tsada, jika 400 ba abin wasa ba ce. A ganinsa kuma, wanda ya ciyar da yaro shekara biyar ya cancanci kalma ɗaya daga bakinsa. Ai ba ma sai ya yi magana ba, girgiza kai ya isa.

Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce: «Kawu, ka yi mini aikin gafara. Abin da na gani a can ba ni da ikon faɗinsa.» Kawu ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne, ya ce: «To, ashe karatun ya kai inda ake ɓoye ma iyaye magana.» Ya tashi ya shige cikin gida.

Abin lura a nan shi ne, a lokacin saurayin bai yi rantsuwar likitoci ba tukuna. Ita wannan rantsuwa, wadda ake danganta ta ga Hippocrate na tsohuwar Girka, ana yin ta ne ranar da ɗalibi ya kare kundinsa a gaban malamai, bayan shekara bakwai ko fiye, kuma karanta ta ba ya wuce minti biyu. Riƙon sirri yana cikinta, kuma an yi masu lacca a kansa, ya ci jarrabawar da maki mai kyau. Amma da a ce gado na 11 har yanzu lamba ce a takarda, da wuya laccar nan ta tsaya a gaban kawun da ke biyan kuɗin taksi. Abin da ya ɗaure masa harshe shi ne ya riƙe hannun mutumin awa biyu, ya ga tsiraicinsa, ya ji shi yana kiran sunan uwarsa cikin zafin ciwo da tsakar dare.

Da safe ya sami dattijon a ofis ya zayyana masa kome, yana tsammanin yabo. Dattijon bai yaba ba. Ya ce: «Ka yi rabin aikin. Sirrin nan ajiya ce aka ba mu, to amma mai ajiyar shi kansa bai san abin da ke cikin ƙullin ba. Mutum ne mai bashi a kansa, mai bin wasu bashi, mai mata da ƙananan yara. Idan muka bar shi ya tafi bai shirya ba don muna jin nauyin faɗa masa, mun ci amanarsa fiye da yadda za ka ci da ka gaya ma kawunka.»

Al'adar da aka saba ita ce a ja dangi gefe a gaya masu, shi kuwa majinyaci a yi ta ce masa sauƙi na nan tafe. Dattijon bai bi ta nan ba. Ya tambayi Alhaji wa yake so ya zauna a yi magana, Alhaji ya ce a bar yaron a waje, bai kai ba. Suka zauna su uku bayan zane. Dattijon bai ambaci mutuwa ba, bai ƙayyade kwanaki ba, domin wannan ba a hannunsa yake ba. Ya ce: «Alhaji, rai na Allah ne. Amma ciwon nan ya fi ƙarfin maganin da ke hannunmu, nan da ko'ina. Abin da za mu iya shi ne mu rage maka zafi. In akwai abin da kake son gyarawa a gida ko a kasuwa, shawarata kada ka jinkirta.» Alhaji ya yi shiru mai tsawo, ya yi salati, sa'an nan ya ce ya gode, dama jikinsa ya gaya masa. Ya dubi saurayin ya ce: «Ɗana, kana da alƙalami?»

A bayan wata tsohuwar takardar awo saurayin ya rubuta sunayen waɗanda ke bin Alhaji da waɗanda Alhaji ke bi, kowa da adadinsa. Suna na uku na kawunsa ne. Hannunsa ya ɗan tsaya. Alhaji ya ce: «Rubuta mana. Ai na san ɗan ƙanwarsa ne kai, tun makon farko majo ya gaya mini. Ko da ya aiko yaronsa gaishe ni jiya, fuskar yaron na duba, na ga bai san kome ba.» Ya sa aka kira limamin masallacin asibitin da wani ɗan garinsu suka zama shaidu, ya ce a raba kuɗin waken a kan masu bin sa gwargwadon bashin kowa. Bayan kwana uku aka ɗauke shi a mota zuwa gida. Bai ga babbar salla ba.

Waken bai kai ya biya kowa ba. Kawu ya sami wajen rabin kuɗinsa, alhali da ya tura yaro a daren nan, da watakila ya kwashe duka. Wannan lissafi bai ɓace masa ba. Bai kori saurayin ba, amma kwanon abinci ya fara zuwa a makare, kuɗin taksi ya ɗauke, gaisuwa ta koma ta baƙi. Kafin ƙarshen shekara saurayin ya tattara littattafansa ya ƙetare gadar Kennedy, ya raɓa a ɗakin wani abokinsa a gidajen ɗalibai, inda ya ƙarasa karatunsa da ƙyar.

A shekarar 2003 wasu masu bincike, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka fitar da littafi mai suna Une médecine inhospitalière, wato likitancin da bai iya karɓar baƙo ba, bayan nazari a gidajen likita na manyan birane biyar: Abidjan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Abin da suka tarar ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa jinya: rashin gaisuwa, rashin bayani, ɗan na goro, da bambanci tsakanin majinyacin da ke da sanayya da wanda ba shi da kowa. Adalci ne a tuna cewa ma'aikatan da aka yi nazarin a kansu sun fito ne daga shekarun da albashi ke makara, kayan aiki babu, gadaje sun fi ƙarfin hannuwa. Adalci ne kuma a faɗa cewa masu kukan wannan hali, musamman ma'aikatan gwamnati da manyan ƴan kasuwa, su ne na farko wajen neman ɗan ajinsu ko surukinsu a asibiti don a tsallake da su layi. Gwamnati ta mayar da fiɗar haihuwa kyauta a 2005, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, abin da ya sauke ma iyaye wani nauyi. Amma babu dokar da za ta sa mai farar riga ya jawo kujera ya zauna.

Saurayin nan yau ya yi furfura, yana koyarwa a ɗaya daga cikin sababbin makarantun likitoci da aka buɗe a cikin jihohi. Dattijon ya daɗe da rasuwa. Matsalar da ke gabansa ba irin ta malaminsa ba ce: a da ɗalibai shida ko bakwai ke bin zagaye, yanzu sai a ga ashirin sun kewaye gado ɗaya, na baya ba su ganin kome sai ƙeyar na gaba, wasu suna duba sunan cutar a wayar hannu kafin su dubi mai cutar. Ya hana ɗaukar hoton majinyaci ko na rauninsa ba da izini ba, don ya ga yadda hoto ke yawo daga waya zuwa waya har ya isa unguwar mai shi. Yakan raba gadaje tun ranar farko, kowane ɗalibi da nasa mutum biyu, kuma ba ya sauraron bayanin wanda bai san sunan mai jinya ba. Wasu ɗaliban suna ganin ɓata lokaci ne, wasu suna ce masa tsohon yayi a bayan idonsa. Ba duka yake samu ba.

Shi kuwa kawu, sai da aka shekara goma sha bakwai kafin ya taka ƙafarsa zuwa wurin aikin ɗan ƙanwarsa. Ya zo ne a 2011, ya tsufa, yana dogara sanda, manyan ƴaƴansa biyu suna biye da shi. Yamai cike take da likitoci, har da waɗanda suka fi wannan suna, amma ya yi tafiyar yini guda a mota. Da aka shigar da shi, ya juya ya ce ma ƴaƴan su jira a waje, ya tura ƙofa da sandarsa har ta rufe. Ya ce: «Likita, abin da zan gaya maka, ko waɗancan ban yarda su ji ba.» Suka ɗauki wajen awa guda. Da ya tashi tafiya, ya karɓi takardar magani ya ninke ta ya sa a aljihu, ya kai bakin ƙofa, sa'an nan ya waiwayo ya tuna masa cewa har yanzu akwai jika 200 da ba su dawo ba.